Tambaya da Amsa: Ɗalibin da Bai Taɓa Riƙe Madubin Likita Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun gwaje-gwajen asibiti. Ban daɗe da shiga jami'a ba yaƙi ya ɓarke a Hartum, babban birnin ƙasarmu Sudan, ranar 15 ga Afrilu 2023, muka dawo gida Gadarif, kuma darussan da aka ci gaba da ba mu daga baya duk ta waya ne. Na haddace matakan rinin Giemsa da na Gram, waɗanda ake rina abin gwaji da su don ƙwayoyin cuta su fito a madubi, na ci jarrabawar rubutu da maki mai kyau, amma har yau ban taɓa ɗora gilashin gwaji a kan madubin likita da hannuna ba. Yanzu an sanar da mu cewa za a tara mu na 'yan makonni domin darasin aiki, ni kuwa ina tsoron jin kunya. Da me zan fara, kuma akwai abin da zan iya koya a gida kafin lokacin?
Daga wani ɗalibi, Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka cire maganar kunya daga ranka, domin duk waɗanda za su tsaya tare da kai a ɗakin gwajin halinku ɗaya, kuma malaman da za su karɓe ku sun san inda aka baro ku. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne ƙarancin lokaci. Aikin da a da ake shimfiɗa shi cikin zango biyu ko uku za a dunƙule muku shi cikin makonni, saboda haka duk abin da za a iya koya ba tare da na'ura ba wajibi ne ka gama da shi tun kana gida, ka bar wa ɗakin gwaji abin da sai a can yake yiwuwa.

Na farko shi ne lissafin sirki, kuma a nan ne na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe, har da masu ƙoƙarin cikinsu. Ƙa'idar ɗaya ce: ka ninka ƙarfin da kake so da adadin da kake so, ka raba da ƙarfin abin da ke hannunka. Idan kana da barasar gwaji mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari, kana son mililita 100 mai ƙarfin kashi 70, sai ka ninka 70 da 100, ka raba da 95, ka sami kusan mililita 74, sannan ka cika da ruwa har ya kai 100. Idan ruwan kilorin na wanki da ke kasuwa mai kashi 5 cikin ɗari ne, kana son mai kashi 0.5 domin zubawa a kan jinin da ya zube, kaso ɗaya na kilorin za ka haɗa da kaso tara na ruwa. Ka lura da wannan sosai: idan aka ce ɗaya cikin goma, ana nufin ɗaya da tara ne, jimilla goma. Wanda ya zuba ɗaya a kan goma ya yi ɗaya cikin goma sha ɗaya, kuma kuskuren zai bi duk abin da ya auna da wannan haɗin. Ruwan gishirin da ake ƙarin ruwa da shi kashi 0.9 ne cikin ɗari, wato giram 9 a lita ɗaya. Ka riƙa ƙirƙira wa kanka irin waɗannan tambayoyi kana warware su da biro da takarda, goma a kullum, har sai ka daina tsayawa tunani.

Na biyu shi ne horar da hannu, kuma kayan aikinsa suna nan a kantin magani da madafa. Ka sayi sirinji biyu marasa allura, mai mililita 10 da mai mililita 1, ka jiƙa karkade mai kauri ka tace shi. Ka jera kofunan shayi biyar na gilashi, ka zuba ruwa mililita 9 a kowanne. Ka ɗebi mililita 1 na karkaden ka zuba a kofin farko, ka gauraya sosai, ka ɗebi mililita 1 daga nan ka zuba a na biyu, haka har na biyar. Kofin farko ɗaya cikin 10 ne, na biyu ɗaya cikin 100, na uku ɗaya cikin 1,000. Daga nan sai ka sake jera wasu kofuna biyar ka maimaita, ka ɗora layin biyu a kan farar takarda ka kwatanta launinsu. Idan kofi na biyu a wannan layi ya fi na biyu a wancan ja, to hannunka bai daidaita ba tukuna, ko kuma ba ka gauraya da kyau kafin ɗiba. Wannan aikin da ka yi da karkade shi ne ainihin wanda ake yi yayin ƙirga ƙwayoyin cuta a ruwa ko a madara, bambancin kawai shi ne kayan aikin. Idan kuma ka sami aron ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinari, ka auna mililita 10 na ruwa sau goma kana rubuta nauyinsa, domin mililita ɗaya na ruwa kusan giram ɗaya ne. Lambobin da suka fito kusa da juna amma duk suka gaza 10 suna nuna cewa hannunka ya tsaya wuri ɗaya amma akwai aibi a ma'auninka ko a yadda kake karanta shi. Lambobin da suka warwatse kuwa laifin hannu ne. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima; a kasuwar hatsi wannan magana daidai take, amma a ɗakin gwaji ba a karɓar ƙimar ido ko daga wanda ya shekara talatin yana aikin.

In kun isa can, za a ba ka fifet, wato bututun ɗiban ruwa da awo. Irin na zamani yana da maɓallin da ke tsayawa sau biyu idan ka danna shi. Tsayawar farko da ita ake ɗiba, ta biyu da ita ake fitar da ragowar ɗigon. Wanda ya danna har ƙasa kafin ya ɗiba ya ɗebi fiye da ƙima, kuma wannan shi ne kuskuren kusan kowane sabon ɗalibi a makonsa na farko. Kada ka kwantar da shi alhali da ruwa a bakinsa, kuma kada ka zuƙi komai da baki, ko da ka ga wani tsohon ma'aikaci yana yi.

Sai madubin likita, wanda shi ne ka fi jin tsoro. Yana da idanu na ƙasa da ake juyawa, galibi mai 10, mai 40 da mai 100, na sama kuma inda kake leƙawa mai 10 ne, don haka mafi girman abin da za ka gani ya ninku sau 1,000. Kullum da mai 10 ake farawa, a nemo abin da babban majuyi, sannan a koma mai 40 a gyara da ƙaramin majuyi kaɗai. Mai 100 shi kaɗai ake ɗiga wa mai. Idan ka ɗiga man sannan ka juyo da mai 40 ta kansa, ka ɓata shi, kuma duk wanda ya zo bayanka hazo zai gani. Ka buɗe idanunka biyu, ka daidaita tazarar mazubin idon da fuskarka. Ciwon kan da ɗalibai suke kuka da shi a makon farko yawancinsa daga rufe ido ɗaya yake zuwa.

Tunda ka ambaci rinin Giemsa, bari in tsaya a kansa, domin a ƙasarmu gwajin zazzaɓin cizon sauro shi ne aikin da zai fi cika maka rana. Shimfiɗar jini biyu ake yi a kan gilashi, mai kauri da mai laushi. Mai kauri ita ke nuna ko akwai ƙwayar cutar, domin ta tara jini mai yawa a ƙaramin wuri, mai laushi kuma ita ke taimakawa wajen gane nau'inta. Kaurin da ake so shi ne wanda idan ka ɗora gilashin a kan rubutun jarida kafin ya bushe za ka iya hango haruffan da ƙyar. Mai laushi ake kafewa da metanol, wani nau'in barasar gwaji. Mai kauri ba a kafe ta, saboda ana son jajayen ƙwayoyin jini su fashe a cikin rinin, ƙwayar cutar ta fito fili. Ni kaina a shekarar da na fara koyo na tsoma gilashi guda sukutum a metanol, na zauna ina leƙe kusan rabin sa'a ban ga komai ba sai duhu, har mai kula da mu ya zo ya ɗaga gilashin ya duba, ya mayar mini ba tare da ya ce uffan ba. Tun daga ranar ban sake ba. Rinin ana sirka shi da ruwan da aka daidaita tsaminsa a kan 7.2 a ma'aunin tsami, kashi 10 cikin ɗari na kimanin minti 10 idan ana sauri, ko kashi 3 cikin ɗari na minti 45 zuwa 60, wanda ya fi fitar da launi. Kuma ba a rubuta cewa babu ƙwayar cuta sai an duba aƙalla fili 100, wato wurare 100 daban-daban, a shimfiɗa mai kauri da ido mai 100.

Akwai abubuwan da littafin da aka rubuta a ƙasar sanyi ba zai dame ka da su ba, amma ƙasarmu za ta koya maka. Ƙuda yana cin jinin da aka shanya a gilashi, tururuwa ma haka, don haka a rufe ake shanya shi. Zafin rana yana kafe shimfiɗa mai kauri kamar yadda metanol yake yi, saboda haka ba a ajiye ta a bakin taga don ta yi saurin bushewa. Ranar da aka yi habub kuwa, wato guguwar ƙura, ƙura tana sauka a kan gilashi da cikin kwalbar rini, ta fito a madubi kamar ɗige-ɗigen da sabon ido zai ɗauka ƙwayar cuta ce.

Shawarata ta ƙarshe ita ce ka je cibiyar lafiya mafi kusa da unguwarku, ka gaida mai gwajin wurin da ladabi, ka gaya masa matsayinka, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna gefe. Kada ka nemi taɓa jinin majinyaci. Ka roƙi tsofaffin gilasan da aka riga aka karanta aka ba da sakamakonsu, ka duba, ka faɗi abin da ka gani, shi kuma ya gaya maka abin da ya rubuta. Gadarif ƙasar kala-azar ce, cutar nan mai kawo dogon zazzaɓi da kumburin saifa, masu gwajin wurin suna ganin abin da ɗalibin wata ƙasa sai a hoto zai gan shi, kuma yawancinsu ba sa rowar abin da suka sani ga yaron da ya zo da ladabi.

TAMBAYA: Malam, 'yata ta so karatun likita amma makinta bai kai ba, sai aka ba ta fannin gwaje-gwaje. Wasu dangi suna cewa aikin duba fitsari da bayan gida ne kawai, gara ta sake jarrabawa. Ni ban yi boko mai zurfi ba, shi ya sa nake neman shawararka.
Daga wani uba, Mai Wurno.

AMSA: Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Dangin ba su yi ƙarya ba cewa ana duba fitsari da bayan gida, sai dai ba su san abin da ake nema a ciki ba. Ku da kuke bakin kogi, kusa da gonakin rani na Sinnar da Jazira, kun san tsargiya. Nau'in da ke sa yaro fitsarin jini ana gane shi ne da ƙwansa mai ƙaya a ƙarshe, a fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita. Nau'in da ke kama hanji da hanta kuma ƙwansa yana da ƙaya a gefe, a bayan gida ake samunsa. Likita yana iya yin zato, amma wanda ya leƙa madubi shi ne yake tabbatarwa. Haka tarin fuka, haka ciwon suga, haka dacewar jinin da za a ƙara wa mai haihuwa.

Fannin kuma yana da rassa. A jami'o'inmu ɗalibi yakan ƙware a ɗaya daga cikin biyar: ilimin jini, sinadaran jiki, ƙananan ƙwayoyin cuta, tsutsotsi da ƙwarin da ke yaɗa cuta, ko binciken tsokar da aka yanko domin gano ciwon daji da makamantansa. A ƙasar nan ma ɗakin gwaji ya girmi makarantar likita, domin ɗakunan binciken Wellcome sun fara aiki a Kwalejin Gordon da ke Hartum tun farkon ƙarni na 20 a ƙarƙashin Andrew Balfour, har suna da ɗakin gwaji a cikin jirgin ruwa da ke bin kogin Nilu, alhali makarantar likita ta Kitchener sai a 1924 aka buɗe ta. Cibiyar binciken cutar maisitoma ta Jami'ar Hartum, wadda aka kafa a 1991 ƙarƙashin Farfesa Ahmed Hassan Fahal, ta yi suna a duniya a kan wannan cuta mai kumbura ƙafar manoma da makiyaya, kuma aikinta ba ya tafiya sai da masu gwaji, tunda maganin nau'in da naman gwari ke haddasawa daban yake da na nau'in da bakteriya ke haddasawa.

Game da aiki, idan ta gama za ta yi rajista da majalisar da ke kula da sana'o'in lafiya, idan kuma Saudiyya ta nufa akwai jarrabawar hukumar ƙwararrun lafiya ta can. Abin da zan roƙe ka shi ne ka zauna da ita ka ji ra'ayinta. Idan zuciyarta tana ga mu'amala da majinyaci kai tsaye, ta sake jarrabawar ba laifi. Idan kuwa maganar dangi ce kaɗai ta sanyaya mata gwiwa, ka ƙarfafa ta, ka kuma taimaka mata da kuɗin darasin Turanci, domin littattafan fannin da Turanci suke, kuma yaranmu da suka tashi da Hausa a gida da Larabci a makaranta a nan suke fara shan wahala.

TAMBAYA: Malam, a darasin rinin Gram ƙwayoyin da aka ba mu sun fito mini ja-ja, na sauran 'yan ajinmu kuwa shuɗi mai duhu. Sai na rubuta irin nasu a littafina don kada a rage mini maki. Abin yana damuna.
Daga wata ɗaliba, Kasala.

AMSA: 'Yata, ya kamata ya dame ki, kuma na ji daɗi da ya dame ki. Bari in fara da dalilin da ya sa naki ya bambanta. Wannan rini, wanda Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884, matakai huɗu ne: rinin farko mai launin shuɗi da ja-ja a haɗe, sai aidin, sai barasa ko asiton mai wanke launi, sai rinin ƙarshe ja. Mataki na uku shi ne mai haɗari, domin daƙiƙoƙi kaɗan ne. Idan kika bar mai wanke launin ya daɗe, har ƙwayoyin da ya kamata su riƙe shuɗin za su sake shi su koma ja. Haka kuma idan kika tsallake aidin, ko kika ƙona shimfiɗar a kan wuta wajen kafe ta, ko ƙwayoyin sun tsufa a farantin da aka shuka su. Shi ya sa ake rina ƙwayoyi biyu da aka riga aka sani tare da wanda ake bincike, ɗaya mai riƙe shuɗi, ɗaya mai komawa ja, domin idan su ma suka kauce, an san laifin rini ne ko na hannu.

Da kin rubuta cewa ja kika gani, kika ƙara da cewa kina zaton kin daɗe a mataki na uku, da malamin kirki ya fi ba ki maki a kan wanda ya dace da amsar ba tare da ya san dalili ba. Littafin ɗakin gwaji da biro ake rubuta shi, da kwanan wata, a lokacin da ake aikin, kuma idan an yi kuskure layi ɗaya ake ja a kansa yadda za a iya karanta shi, a rubuta gyaran a gefe. Dalilin wannan tsanani shi ne bayan 'yan shekaru ba maƙwabciyar kujera za ki leƙa ba. Ke kaɗai ce da gilashin yaro mai sanƙarau cikin dare, kuma abin da kika rubuta da shi likita zai fara zaɓen magani. Ki je wurin malamin a keɓe ki gaya masa abin da ya faru, ki roƙi izinin maimaita rinin sau uku a jere, kina ƙirga daƙiƙoƙin mataki na uku da baki.

TAMBAYA: Malam, ni ina sa tob, wato lafayar matan Sudan, da mayafi, kuma ana aiki da wuta a darasin ƙwayoyin cuta. Yaya zan yi? Sannan idan allura ta soke ni me ya kamata?
Daga wata ɗaliba, Bur Sudan.

AMSA: 'Yata, tob ki ninke shi ki bar shi a jaka a wajen ɗakin gwaji. Ki sa gajeren hijabi na auduga, ki cusa gefensa cikin wuyan farar rigar aiki, ki ɓalle maɓallanta har sama. Yadin roba ba ya dacewa, domin idan ya kama wuta narkewa yake ya manne da fata, harshen wutar barasa kuma da rana da ƙyar ake ganinsa. Takalmi rufaffe ake sawa. Lallen da ya riga ya kama ba ya hana komai, amma zobe da dogon farce suna yaga safar hannu. Idan za ki fita salla ko fatur, wato karin kumallo, ki cire safar hannu da farar rigar ki bar su a ciki, ki wanke hannu da sabulu, kuma ko shayi ba a shiga da shi.

Allura kuwa ba a mayar mata da murfi bayan an yi amfani da ita, akwatin ƙarafa masu kaifi ake jefa ta nan take, domin wajen mayar da murfin aka fi sukewa. Idan ta soke ki, ki wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu, kada ki matse shi kuma kada ki tsotsa, ki sanar da mai kula da ku a lokacin, ko da sukar ba ta yi zafi ba. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau ana fara shi ne da wuri iyakar iyawa, kada ya wuce sa'o'i 72, kuma kwana 28 ake shan sa. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Idan ba ki yi ba, ki karɓi ta farko a wannan makon, kafin a fara ba ku jini a darasi.